Rijiyar da Kakana Bai Gama Ba

A shekarar farin da ya cinye garken Baba, Kakata tana zaune a tsakar gidanmu na Tirmini tana sauya wa dilo ruwa, 'ya'yan anzar nan masu ɗaci da muka koma ci. Har yau ina jin warinsu. Ƙanwata na kukan yunwa, sai Kaka ta ce, "Ku matso ku ji. Da a ce Nasara sun ɓata hanya ba su iso Damagaram ba..."

Ta dinga jero mana abin da zai biyo baya. Da ba a kwashi kakanmu aikin dole ya mutu a can ba. Da ya ƙarasa rijiyar da ya fara a bayan gida, muna da garkar albasa da kabewa, mutanen Zinder na zuwa saye da jakuna. Ƙanwata ta bar kuka tana saurare.

Baba yana gyaran igiya, ya ce, "Inna, bar cika musu kai. Abin da Allah ya ƙaddara ya faru."

"Ban ja da Allah ba," in ji Kaka. "Ko a labarina ruwan sama bai zo ba. Mutum ɗaya kawai na maido gida."

Sai da na girma na gane nauyin maganar, don Baba yana goye aka tafi da mahaifinsa.  Can Baba ya ajiye igiyar, ya tambaya a hankali, "To Inna, a labarin naki, da ya dawo, ya gane ni?"