Saniyar da Ta Cinye Lakwal

Kadijatu matar Namadi ce ta fara gaya mini gaskiyar abin, a kasuwar Mayahi, bayan ni da ita duk mun yi furfura. Amma bari in fara da wanda kowa ya sani a garinmu.

Lakwal ɗinmu, wato makarantar bokon garinmu, ba gini ba ce, kara ne da zana. Kowace kaka iyayen yara ke tayar da ita, kowane gida dami guda. Ni da tsumman tsohon zanena baƙi nake ɗaure namu, don kada wani ya ce ba mu kawo ba. Akwai ƙungiyar iyaye, akwai kuma mai riƙe da ita, mutum mai sanyin murya da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Shugaba kowa ke ce masa, har mushe, malamin yaran.

Shekarar farin nan ta zamanin soja, gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. Kara ya koma abin nema kamar hatsi, don shi kaɗai ya rage wa dabba. Duk da haka kwamanda ya aiko, ya ce garin da bai tayar da ajinsa ba a ɗauke masa mushe. Shugaba ya bi gida gida. Wasu suka kwance danga, wasu suka yaye rufin rumbu, tunda ba abin da rumbun ke rufewa. Namadi, Bafillacen da ke zaune bayan gari tun zamanin kakansa, dami biyu ya kawo. 'Yarsa Safi na cikin ajin, ita mushe ke tayarwa ta yi karatu in baƙo ya zo.

Aka tayar da aji. Ba a jima ba ya fara ramewa.

Ranar rabon hatsin taimako gari kan watse, kowa ya tafi layi da ƙwarya, har mushe da yaransa. Shugaba ne kawai ba ya zuwa, wai girmansa ya wuce turereniya, sai dai a karɓo masa. Duk ranar da aka dawo sai a tarar bangon aji ya ƙara ɓulewa, har rana na dukan yara a ka.

Iyaye suka bi ganyen karan da ya zuzzube a hanya. Ya kai su rugar Namadi. Can ga wata jar saniya tsaye, ita kaɗai ke da nama a jiki duk faɗin ƙasarmu, tana tuƙar kara. A gabanta ga baƙin tsumma. Ni na duƙa na ɗauka, ni na ce, "Wannan ƙullina ne."

Aka zauna ƙarƙashin gawo. Aka tambayi Namadi, sai ya kafa wa Shugaba ido. Muka ɗauka roƙo yake.

Shugaba ya ce, "Namadi, ka ji abin da ake faɗi. In kana da magana, yi ta."

Ya ce, "Ba ni da magana, Shugaba. Sai in kai kana da ita."

"Ni ba ni da."

Samari suka ce a kai shi wurin soja. Shugaba ya hana. Ya ce maƙwabci ne, a yi masa sassauci: ya bar saniyar a madadin ɓarna, a fitar da Safi daga aji, su nemi wani wurin zama. Mushe ya ce yarinya ba ta ci kara ba. Muka ce masa lakwal tamu ce, da dangarmu muka tayar da ita. Har da bakina a ciki.

Suka yi kudu da tabarmi a ka. Safi na waiwaye har suka shige kwari. Saniya kuwa aka rasa mai iya ciyar da ita, Shugaba ya ce zai ɗauki wahalar. Aka yi ta sa masa albarka. Da ruwa ya dawo ta haihu, yarana sun sha nononta har suka yi kumatu.

To, ran nan a Mayahi na tsaya sayen nono, mai ƙwaryar ta ɗago kai, sai ga Kadijatu. Muka gaisa. Namadi ya rasu. Safi na talla kamar uwarta, amma har yau in ta zauna sai ta rubuta sunanta a ƙasa ta goge.

Ta ce, "Barira, har yanzu ɓarayi kuke ce mana?"

Na ce abin da ya wuce ya wuce.

Ta ce, "A wurinku. Namu shanun sun mutu tun kafin a tayar da ajin. Jar nan ta Shugabanku ce. A ɓoye ya ba Namadi amana, don kada dangi su sani su sa shi ya sayar a ci. Shi ke kawo karan a jakinsa, yana cewa na rumbunsa ne."

"Me ya hana Namadi faɗi?"

"An ce masa kada ya faɗa, ya ce to. Jira yake mai ita ya buɗe baki."

Na dawo gida ban sayi abin da na je saye ba. Washegari da safe na dama koko na kai wa Shugaba ɗakinsa, kamar yadda nake yi tun ina amarya. Ban durƙusa ba. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, amma ran nan na aje kwanon na ce, "Danda, Kadijatu na gaishe ka."