Tela da Kwamfutar da Ta Manta Kekensa

Hajiya Turai, kafin ki ce in goge miki wannan kwamfutar don kawai tana jan ƙafa wajen tashi, zauna ki ji abin da ya sami wani tela a bayan kasuwa. Yana da keken surfani irin wanda ake tura wa zane daga kwamfuta, ya ɗinka shi a wuyan riga. Keken ya tsufa, kwamfutar ma ta tsufa, sun saba da juna kamar tsofaffin ma'aurata, shekara goma sha ɗaya ba su taɓa ba shi kunya ba. Aibin ɗaya ne: kwamfutar ba ta fitar da sauti, shi kuwa yana son jin waƙa yana aiki. Bai tashi kiran mai gyara ba sai a makon da wata Islamiyya ta kawo masa rigunan sauka arba'in, waɗanda ɗalibai za su sa ranar Asabar. Mai gyara ya ce sai an goge komai an sake ɗora mata tsohon tsarinta na Windos, tunda keken ba ya aiki da sabo. Ya tambaya ko akwai abin ajiyewa. Tela ya ce zanuka, aka kwashe su tsaf a filash. Ba wanda ya tuna da abin da muke kira direba, wato ɗan tafintan da ke tsakanin kwamfuta da duk abin da aka jona mata.

Aka goge, aka ɗora, kwamfuta ta tashi da sauti raɗau, tela har da tafi. Da aka jona keke sai ta ce ba ta san shi ba. Aka sauya waya, aka kashe aka kunna, tana nan a kan bakanta. Mai gyara ya ce a sauko da direban daga intanet, sai ga shi ta ƙi shiga intanet ɗin, domin abin kama intanet shi ma nasa direban ya tafi. Tela ya kalle shi ya ce, "To, wanne za a nemo kafin wanne?" Mai gyara ya sosa ƙeya, ya sauko da direbobin keke guda shida a wayarsa, sunayensu kusan ɗaya. Da aka gwada su, wani direban ya ce tsarin ya yi masa tsufa. Wani ya ce sai an fara sa wani, wanin kuma ya ce sai an fara sa shi. Na ƙarshe ya shiga, allura ta motsa sau biyu, fuskar kwamfuta ta yi shuɗi ta tsaya cak. Kamfanin da ya ƙera keken kuwa ya daɗe da rufewa. Aka tambayi faifan direban da ya zo tare da keken, tela ya ce ya ba ƙaninsa ya rataya a gonar shinkafa don korar tsuntsaye. Suka hau babur har gonar, suka same shi yana lilo a jikin igiya, rana da ruwa sun ɓare masa baya.

Ranar Juma'a bayan masallaci shugaban makarantar ya zo. Bai yi faɗa ba. Ya tattara rigunansa, ko zare ɗaya babu a wuyansu, ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya fita, bai kuma sake kawo aiki ba. Har yau in telan ya gan ni sai ya tare ni, don ya san ni ma gyaran kwamfuta nake yi: kwamfuta lafiya lau, keke lafiya lau, zanuka suna nan, to me ya lalace? Sau uku ina yi masa bayani yana gyaɗa kai, na kuma san bai gane ba, tausayinsa ya kama ni. Shi ya sa nake ce miki ki bar ta ta ja ƙafarta, Hajiya. Hausawa sun ce garin neman gira ake rasa ido.