Hayaƙin da Auta ta Shaƙa

Maman Auta, mai sayar da abinci a bakin gareji, da leda take hura gawayi kullum safiya. Sai ta dunƙule baƙar leda, ta ƙyasta mata ashana, ta riƙe ta a kan murhu tana narkewa tana ɗiga, nan da nan wuta ta kama. Kananzir ya yi tsada, leda kuwa ga ta nan birjik a kwata da kan shinge, tsinta kawai za ka yi.

Auta, 'yarta da ko yaye ba ta kai ba, tana goye a bayanta. Duk sanda uwar ta sunkuya tana fifita, baƙin hayaƙin nan mai wari a fuskar yarinya yake ƙarewa.

Da aka fara zancen hana leda a rediyo, Maman Auta ta ja dogon tsaki. Ta ce masu girki da gas ne suka rasa aikin yi. Makanikai suka yi ta tsokanarta, wai in dokar ta zo ita za a fara kamawa, ita ma tana taya su dariya.

Sai Auta ta fara tari. Uwar ta ce mura ce, daga baya ta ce haƙori ne. Ta yi ta ɗura mata maganin kemis, wuta kuma ba a fasa hurawa ba. Har ranar da numfashin yarinya ya koma kamar busar usur, leɓɓanta suka yi duhu.

A asibiti likita ya tambayi sana'arta da abin da take hura wuta da shi. Da ta faɗa, sai ya ce:

"Baiwar Allah, ƙirjin yarinyar nan ya daɗe yana shan hayaƙi. Kin zo a makare."

Auta ba ta dawo gida ba. Wallahi abin da ciwo.

Ranar da uwar ta koma bakin gareji, bayanta ba kowa, sai ta ga maƙwabciyarta mai gasa masara ta sunkuya da jariri a baya, leda na ci a hannunta. Ta riƙe mata hannu, hawaye na zuba.

"Ƙanwata, don girman Allah ki bari. Abin nan ne ya raba ni da Auta."

"Allah ya jiƙanta, Yaya," in ji matar a hankali. "To, da me zan hura?"

Maman Auta ta sake mata hannu, ledar ta ci gaba da ɗiga.

'Yan'uwa, hayaƙin leda guba ne, kuma ƙananan yara yake fara kayarwa. Arharta ce ta ruɗe mu, ga shi muna biya da 'ya'yanmu.