Sunan Alhaji Ya Fi Gurbinsa

Ka ce gargaɗin kwamfuta surutu ne kawai. To, ga wani misali, ka auna da kanka.

An yi wasu masu rubuta manhaja su biyu a wani ofis a Zariya, tebur na kallon tebur. Ɗayan yana da wata ɗabi'a: duk inda manhaja za ta karɓi rubutu daga hannun mutum, sai ya auna gurbin da rubutun zai zauna tukuna, kamar mai awon gero da ba ya juye tiya a gwangwanin madara. Har ɗan guntun tsari ya rubuta na wannan awo, ya ajiye wa kowa a ofis, da sunansa a layin farko. Wannan layin farkon ne ya tsaya wa abokin aikinsa a maƙogwaro. Ba wai ƙinsa yake yi ba. Kawai dai duk ranar da aka yabi wancan, shayinsa ba ya daɗi. Da ƙungiyar dillalan hatsi ta zo neman manhajar rajistar mambobi, aka ce wanda ya burge su shi zai riƙe aikin, mutumin namu mai jin haushin nan ya ga ranarsa ta zo. Ya sauko da rubutun asali na wata tsohuwar manhaja, ya harhaɗa ta da kansa maimakon ɗaukar wadda aka riga aka haɗa. Wannan kam ya kyauta, wanda ya ga nama ɗanye ya san abin da ke cikin miyarsa. Sai dai yana cikin harhaɗawa gargaɗi ya fito a allo: umarnin da ke karɓar suna ba ya auna komai, duk abin da aka zuba masa haɗiyewa yake, rarar kuma ta malala cikin ma'ajiyar maƙwabta. Ya fahimta sarai. Ya san maganin, ya kuma san sunan da ke layinsa na farko. Sai ya kashe gargaɗin, ya ce a ransa, sunan mutum ai ba wasiƙa ba ce. Ranar gwaji kuma ya san yadda ya yi aka tura abokin nasa gyaran firinta.

Dillalai suka hallara, aka ce shugabansu ya buɗe da nasa sunan. Alhaji ya gyara zama ya ce, "In sa duka?" Mutumin namu ya ce, "Sa duka, ranka ya daɗe." Alhaji ya sa nasa, da na mahaifinsa, da na kakansa, da garinsu, da sarautar da aka naɗa shi bara. Yana tsakiyar digirin girmamawa allo ya daskare, sunayen mambobin da aka riga aka shigar kafin taron suka bi ruwa. Alhaji ya dubi yatsansa ya ce, "Ni dai ban danna da ƙarfi ba." Dole aka kira mai gyaran firinta, ya shigo da tawada a hannu, ya faɗaɗa gurbin, ya sa masa ma'auni, ya sake harhaɗawa a gaban kowa. Da an bar shi a teburinsa, da ba wanda ya san an gyara wani abu. Alhaji ya ce, "Wannan a ina kuka ɓoye shi?" Shi aka ba aikin. Mutumin namu ya gaji firinta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.