Maƙerin da Ya Kori Mai Zuga

Malam Tanimu, ka ce ba sai ka kai ƙirjin nan naka asibiti ba, zuma da fura za su mayar maka da ƙarfi. To, saurara.

An yi wani maƙeri a wani ƙauye, shekara ashirin suna aiki da amininsa. Shi ke dukan ƙarfe, aminin ke zuga wuta. Wata ran, gab da faɗuwar damina, suka yi saɓani a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Cikin fushi maƙerin ya ce, "Gawayi ke narka ƙarfe, ba iskarka ba." Aminin ya naɗe zugazuginsa ya tafi gida. Washegari maƙerin ya sayo gawayin ƙirya, wanda babu kamarsa, ya tula ya kunna. Wuta ta kama, amma sama-sama. Hayaƙi ya cika rumfa, idanunsa suka yi ja, ƙarfen kuwa ko launi bai sauya ba. Ya ƙara gawayi, abin ya daɗa turnuƙewa. Har la'asar fartanya ɗaya bai gama ba. Ruwan shuka ya sauka, manoma suka kwashe ƙarafansu suka nufi ƙauyen gaba. A rana ta huɗu ya cire hula a ƙofar gidan amininsa ya ba shi haƙuri. Da aka koma zuga, da gawayin nan dai, kafin hantsi ƙarfe ya yi jawur.

Jikinka haka yake. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗa shi, ido ba ya ganinsu, kowacce da 'yar maƙerarta. Abin da ka ci yakan zama sukari, jini ya kai mata. Ba ta iya tatse ƙarfin da ke cikinsa sosai sai huhu ya aiko da iskar da ka shaƙa. In iskar ta yi kaɗan, ɗan abin da za ta samu bai kai ya kawo ba, sai kasala da nauyin gaɓoɓi. Kai ba abinci ka rasa ba, numfashinka ne ya gaza. Sa takalminka in raka ka. Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.