Ɗakin da Na'ura Ta Tsallake

Shekarar da aka soke zaman gandu, na'urar hukuma ta warware kowane gida, ta jera mutanensa ɗai-ɗai. Malam Jatau ya je ofis jin dalilin da za a rushe ɗakin marigayiya matarsa, Tabawa.

"Baba, in na'urar ta ga mutum, sai ta sa shi a layi," in ji ma'aikaciyar ofishin. "In ta ga ɗaki, ta buɗe. In babu kowa, ta tsallake, a rushe."

"Jerenta na nan. Turarenta bai bar bango ba."

"Ba ta jin ƙanshi, Baba."

"To ran da na mutu fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Sai ta tsallake."

Ya koma gida, ya kwashi tabarmarsa zuwa ɗakin Tabawa. Nasa aka rushe.