Shaguna Takwas da Injin Jatau

Tunda ka ce shaguna za ka gina ka zuba 'yan haya, to gyara zama ka ji abin da ya sami wani mutum, Alhaji Ɗan'azumi. Gonar gado gare shi a bayan gari, ya runtse ido ya sayar da ita kaf, ya sayi fili a bakin titi ya jera shaguna takwas. Ba shi da wata sana'a, ba shi da wata kadara. Shagunan nan su ne tuwon gidansa, su ne kuma abin da zai bar wa 'ya'yansa. Allah kuwa ya ba shi sa'a, tun fenti bai bushe ba aka kame su: tela, mai kayan miya, mai atamfa, mai robobi, mai kemis, har kamun ƙafa ake yi a wurinsa ko wani zai tashi. A shagon ƙarshe kuwa wani tsoho ne, Jatau, mai injin markaɗe. Tun da sanyin safiya injin nan ke ɓaɓatu, mata sun yi layi da bokitan wake da tattasai da gero, ruwan wankin inji na malala har bakin kwalta, ƙudaje na shagalinsu. Duk wannan da sauƙi a wurin Alhaji. Abin da ke ci masa rai shi ne, ya sa an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe an kafa a saman ginin, amma duk faɗin garin ba mai kiran wurin da shi. Ko mai adaidaita ya tsaya, sai ka ji, "Injin Jatau, akwai mai sauka?" Kai, jama'a! Gini nasa, suna na ɗan haya.

Da shekara ta zagayo, ya ba tsohon wa'adin wata uku ya kwashe komatsansa. Tela ya same shi ya ce, "Alhaji, don Allah a bar mana Baba." Ya harare shi ya ce, "Shago na ba ka haya, ba kunnena ba." Jatau kuwa ya tattara kayansa. Ya kwance injinsa, aka ɗora a kura, ya koma wani kango a bayan tasha. Alhaji ya sa aka shimfiɗa tayil, aka sa ƙofar gilashi, ya ba wani mai sayar da agoguna. Wuri ya yi tsit, ya yi fes, har kujera yake sawa a baranda yana shan iska yana jin shi ma ya zama wani. Abin da bai taɓa lura da shi ba, don bai taɓa tsayawa layin markaɗe ba, shi ne matar da ta ajiye bokitinta tana jira ba zama take yi ba. A jiran nan take tuna gishirinta ya ƙare, a nan take taɓa atamfa ta tambayi kuɗinta, a nan take miƙa wa tela ɗinki, ta sayi maganin tarin jaririnta. Yanzu ba jira, to me zai tsayar da ita? Mai kayan miya ya fara kawo makulli, tumatirinsa na ruɓewa a faifai. Mai robobi ya bi shi. Kafin damina biyu, har mai agogunan ya gaji da kallon titi ta gilashi ya ƙara gaba. Alhaji ya rage haya, ya sake ragewa, ya bi dillalai har gida, ba wanda ya ko leƙa. Awaki suka mai da barandar wurin kwana.

Da tura ta kai bango, ya haɗiye girman kansa ya tafi bayan tasha. Can ya tarar da 'yan hayarsa na da, kowa ya kafa rumfar kwano kewaye da injin, ciniki sai wanda ya gani. Ya tsaya cikin ƙurar gari da babbar rigarsa yana roƙon tsohon da ya kora. Jatau ya rage ƙarar inji ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Na riga na ɗaure gindin inji da siminti, tsoho kuma ba ya tashi sau biyu." Juyowar da Alhaji zai yi, sai ga matarsa a cikin layi, bokiti a gabanta, ledar kayan miya a hannu, ta sunkuyar da kai don kunya. Ran nan ya koma gida baƙin ciki kamar ya kashe shi. Gona ta tafi, shaguna kuma ko kyauta ba mai so. Tun farko yana ganin shi ke rufa wa tsohon nan asiri, ashe duk layin shagunan, har da shi mai ginin, a inuwar Jatau suke cin abinci. Ya kori mai arzikin da hannunsa, don ya manta abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.